Carbi Ɗaya a Bakin Jakara

Alhamis: Daga gida zuwa Tsanyawa

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Alhamis muka bar ƙauyenmu, ni da ƙanena Sale, ana sallame sallah. Shi yana rungume da ƙullin gyaɗar da za mu kai wa yayarmu Asabe tsaraba, ni kuma na rataya jaka mai ɗauke da madubin hangen nesa da wani tsohon littafin hotunan tsuntsaye. Tun da na yi ritaya daga koyarwa kallon tsuntsu ya zama aikina, har mutanen garinmu suke cewa Malam Isyaku ya gama koyar da yara ya koma ɗaukar darasi wajen balbela. Ban taɓa musa musu ba.

Sai dai wannan tafiyar ba ta shaƙatawa ba ce. Wani dattijo mai suna Malam Bukar ya sa lambunsa a kasuwa a bakin kogin Jakara, can bayan birnin Kano, kuma lambun ya haɗa har da inda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin yana cin rani. Kafin Sale ya iya sayensa sai ya kai shanunsa biyu na huɗa kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi. Da su yake huɗar gonarsa, da su yake yi wa wasu huɗa a biya shi, da su yake ciyar da mutum tara. Gara kuma in faɗi gaskiya tun yanzu: ni na zuga shi. Ni nake son wurin nan ya dawo hannunmu, ni kuma ba ni da ko akuya.

Sale ya amince, amma da sharaɗi guda. Ya ce ba zai kwance igiyar shanunsa ba sai an yi wa ruwan gwajin Baba.

Babur ɗaya muka hau mu biyu, kilomita bakwai zuwa Tsanyawa. An gama girbin gero, ana cikin yankan dawa, gonaki sun yi fayau kana hango gari daga gari. Ƙarfe shida da 'yan mintuna muna tasha. Muka sha koko da ƙosai na naira ɗari shida, Sale yana mitar wai ƙosan bana ya rame.

Tsanyawa zuwa Ƙofar Ruwa

Ƙaramar bas muka samu, naira dubu biyu da ɗari biyar kowane mutum. Ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Aka cusa mu huɗu-huɗu a layi, gwiwata a jikin buhun waken wata baiwar Allah.

A hanya na riƙa tuna gwajin nan, don rabona da in ga an yi shi tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Baba ya kan ce kada ka tambayi mai lambu labarin ruwansa, ka tambayi tsuntsu. Ba kuma kowane tsuntsu ba. Balbela da hankaka da ungulu, in ji shi, ba a karɓar shaidarsu, domin ko a juji ka ajiye su sai sun ci sun ƙoshi. Shaidu biyu gare shi. Na farko wani dogon tsuntsu ne, fari da baƙi, mai siraran ƙafafu jajaye, shi ya sa masa suna jan-ƙafa. Na biyu wasu ƙananan tsuntsaye ne masu ruwan ƙasa, masu kaɗa gindi in suna tafiya, waɗanda ba a ganinsu sai bayan damina. Su kuma yake ce musu 'yan cin rani, wai abokan sana'arsa ne, tare suke zuwa tare suke komawa. Dukansu a cikin taɓo suke kiwo. In ɗayansu ya sauka ya sa baki, sai ka fara jan carbi. In ka kai ƙarshe yana nan yana ci, taɓon yana da rai, ruwan zai yi wa shuka. In ya tashi kafin nan, ka naɗe tabarmarka.

Gaban Bichi kaɗan muka tarar da shingen bincike. Jami'in ya leƙo, idonsa ya sauka a kan jakata.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Madubin hangen nesa ne, ɗana."

"Me kake hangowa da shi?"

"Tsuntsaye."

"Ka harba?"

"A'a, in kalla."

Ya dube ni, ya dubi Sale. Sale ya ce, "Ranka ya daɗe, haka muke fama da shi." Motar ta ɗauki dariya, jami'in ya buga bayanta ya ce mu tafi. Takwas da minti ashirin muka wuce Dawanau, tara saura kwata muka sauka a Ƙofar Ruwa.

Cikin birni: neman kogi

Na ce da Sale mu fara daga cikin gari mu bi ruwan har ƙasa, kamar yadda muke yi muna yara in mun raka Baba kai latas kasuwa. A wancan zamanin bakin kogin muke bi mu koma lambu, muna jifan kwaɗi, Baba yana gaba da kwandunansa a rataye. Muka tsayar da mai adaidaita sahu na ce ya kai mu bakin Jakara. Ya yi ta tafiya a kan wani shimfiɗeɗɗen titi, shaguna hagu da dama, sai ya taka birki.

"Ina kogin?" na tambaye shi.

"Baba, ai kana kansa."

An rufe shi da kankare, an ɗora titi. Na sauka na tsaya kamar baƙo, ina neman inda muke tsallakawa a kan duwatsu. Mai shayi ne a wurin yanzu. Sale ya ce, "Yaya, hau mu tafi, ana kallonmu."

Sai da muka fita wajen hanyar filin jirgi sannan ruwan ya fito fili. Ƙarfe goma daidai muka sallami mai adaidaita, muka kama tafiyar ƙafa. Ruwan baƙi ne, yana tafe da leda da robar lemo. Wannan bai tayar min da hankali ba, don ko a zamaninmu ruwan kwatar birni ne, kuma Baba ya kan ce ruwan kwata taki ne. Na ciro madubi. Balbela sun fi hamsin a kan tarin shara, hankaki biyu, shirwa tana shawagi a sama. Can gaba, inda kankaren ya ƙare aka shiga ƙasa, na ga zalɓe ɗaya tsaye ya ƙame kamar mai jiran liman, da zakaran ƙeƙuwa biyu da suka taso mana da ihu. Raina ya yi fari da jin su, har na rubuta a takarda.

"Ka ga shaidun?" in ji Sale. Ciwon yanar ido ya fara rufe masa ido ɗaya, ba ya gani da nisa.

"Tukuna. Ai ba mu isa ba."

Muka sayi gurasa mai ƙuli ta ɗari biyar muka ci a inuwar wani kango. Inda na san gonakin albasa duk an yanka filotai, wani gidan an kai linta, wani an tare har an shanya kaya.

Rimin Kebe: gidan Yaya Asabe

Ɗaya da rabi muka yi sallama a gidan Yaya Asabe a Rimin Kebe. Ita ce babbarmu, shekararta arba'in da aure a nan. Ta kawo mana dambu da zogale, ta zauna tana kallonmu muna ci.

"Wato Isyaku, kai ne ka sa yaron nan zai sayar da shanunsa?"

Yaron nan fa shekararsa hamsin da biyu. Na ce mata gadon Baba za mu dawo da shi.

"Baba aron wurin aka ba shi, ba gado ba ne," in ji ta. "Kai abin da kake nema ba lambu ba ne. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Na ƙara dambu. Ba a ja da Yaya Asabe a gidanta, ko a gidan wani ma.

Bayan la'asar muka tafi ganin lambun, tafiyar minti arba'in a ƙafa. Tun daga nesa na gane wurin, domin giginyar da Baba ya kafa jigonsa na ban-ruwa a kusa da ita tana nan. A gindinta muke kwana uku-uku a bukka, ni ina jan jigo, ina juye guga a kwalbati, Sale yana buɗe wa fangalin shuka ruwa da 'yar fartanya. A gindinta na koyi karanta agogo, a gindinta kunama ta fara harbina. Na dafa ta, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Shekara arba'in da wani abu, ita kaɗai ce ba ta canja ba.

Malam Bukar ya taso da fara'a. Dogo ne, siriri, iyayensa daga Borno suka zo tun bai yi wayo ba. Lambun ya yi kyau a ido: latas, alayyahu, karas layi-layi, ga injin ban-ruwa a gefe. Ya ce gwiwa ce ta hana shi, 'ya'yansa kuma duk sun koma tuƙa adaidaita.

"Ruwan fa, Malam?" in ji Sale.

Malam Bukar ya ce, "Ruwa yana da ranakunsa. Akwai wani rafi da ke haɗuwa da shi can sama, daga unguwar masana'antu yake gangarowa. Wata rana ya zo ja, wata rana shuɗi. In ka ga haka sai ka kashe inji. In ka yi sake ganye ya ƙone."

Na yi maza na ce ai kowane ruwa da halinsa. Sale ya durƙusa ya ɗebi ƙasar fangali ya sansana. Muka ce da Malam Bukar za mu dawo da asuba mu ɗan zauna a bakin ruwa, ya ce wurin namu ne.

Juma'a: bakin ruwa

Shida da minti goma muka shimfiɗa buhu a gindin giginya. Akwai sanyi, ruwan yana hayaƙi. Gabanmu, kamar taku sittin, akwai wani fili na taɓo inda kogin ya yi kwana, daidai inda shaidun Baba suke sauka a da. Nakan ƙirga talatin a wurin kafin rana ta fito. Sale ya ciro carbin Baba daga aljihu, mai kashi uku, talatin da uku-uku. Muka raba aiki: ni mai ido zan duba, shi zai ja.

Balbela suka fara zuwa. Kurciya ta sauka ta sha ruwa ta tashi. Aka kunna inji a lambun maƙwabta, mai kiran sayen tsofaffin ƙarafa ya wuce a kan hanya. Shida da rabi, bakwai, bakwai da kwata, babu komai a kan taɓon. Ƙafata ta yi tsami, na miƙe ta na sake naɗewa.

Bakwai da minti ashirin da biyar sai ga shi. Jan-ƙafa guda ɗaya, ya taho daga gabas, ƙafafun a miƙe a bayansa, ya sauka a tsakiyar taɓon. Na yi maza na ɗaga madubi. Shi ne dai, farin ƙirjin nan, baƙin fiffiken nan, kamar jiya muka rabu.

"Sale, ya sauka. Ya sa baki. Fara."

Sale ya sunkuyar da kai ya fara ja, leɓensa yana motsi. Tsuntsun ya soka baki ya zare, ya yi taku uku ya sake sokawa. Na ƙura masa madubi ina neman in ga ya haɗiyi wani abu. Ban gani ba. Ya matsa gefen ruwa, ya gwada nan, ya girgiza kai. Sale ya gama kashi na farko ya shiga na biyu. Tsuntsun ya tsaya cak, ya dubi sama, ya yi ɗan kukansa, ya buɗe fiffike ya koma inda ya fito.

Ni kuwa ban sauke madubin ba. Na ci gaba da kallon taɓo wayam, bakina a rufe. Zuciyata tana ce min ai ya sauka, ai ya sa baki, ai tsoro ya ji na ƙarar inji, ai gwajin tsofaffi ne, wa ya ce dole sai an kai ƙarshe? Ta gefen ido ina ganin yatsun Sale. Ya gama kashi na biyu. Ya shiga na uku. In na ƙara yin shiru na minti ɗaya, giginyar nan ta zama tamu, in riƙa zuwa duk rani ina shimfiɗa buhuna. Sai na hango Lahadi, na hango Sale yana dawowa daga Ɗanbatta da igiya biyu a hannu, damina kuma ta zo ya tsaya a bakin gonarsa yana jiran aron shanun wani. Saura 'ya'yan carbi kamar goma na ce, "Bari, Sale. Ya tashi."

Ya tsayar da yatsa. Ya shafa fuska, ya mayar da carbin aljihu, ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Malam Bukar yana tsaye a bayanmu, ban san tun yaushe ba. Ya ce, "Wannan aikin na san shi. Ku 'ya'yan mai jigon gindin giginya ne?" Muka ce mu ne. Ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Da kun faɗa min jiya da na rage muku zaman sanyi. Suna sauka, amma ba sa zama. An daɗe ana haka." Ya tsinko mana latas cikin leda, ya hana mu biya. Muka rabu da mutunci.

Wasai

Da aka sauko daga Juma'a na ce da Sale tunda mun zo, mu bi ruwan mu ga ƙarshensa. Muka hau motar Minjibir, naira dubu ɗaya kowa, muka sauka muka ƙarasa da babur zuwa madatsar ruwa ta Wasai, inda Jakara ke zubewa. Kimanin kilomita ashirin da biyar ne, mun isa huɗu saura kwata.

A can gefen da ruwan damina ke shigowa daga gonaki, ashe nan shaidun Baba suka koma. Jan-ƙafa na ƙirga goma sha tara na bari. 'Yan cin rani suna ta zirga-zirga a bakin taɓo suna kaɗa gindi, kai ka ce an aike su. Kirinjijiya garke guda suka tashi da fito, kazar ruwa tana taka ganyen bado a hankali da dogayen yatsunta. Na miƙa wa Sale madubi na gyara masa a idonsa mai lafiya. Ya daɗe yana kallo.

"Ga abokan Baba," in ji shi. "Ba su tsufa ba."

Wani masunci da ke gyaran koma ya ce mana a nan ba a sayar da ko taku ɗaya na fili, kowa na riƙe da nasa. Ba mu ma tambaya ba. Muka zauna har rana ta yi ja, muna tuna wanda ya faɗa rijiyar jigo da wanda ya sha duka a kan satar karas. Murna da baƙin ciki suka haɗe min, na rasa wanda zan fara ji. Mun koma Rimin Kebe ana kiran isha'i. Da muka ba Yaya Asabe labari ta ce, "To, alhamdu lillahi, tsuntsu ya fi wani malamin makaranta hankali."

Asabar: komawa gida

Bakwai na safe muka yi mata sallama, ta cika mana leda da daddawa da kuka. Takwas da rabi motarmu ta tashi daga Ƙofar Ruwa. Ba a tsayar da mu a shinge ba. Sale ya yi barci tun daga Dawanau har Bichi, ni kuwa na kasa, abin jiya yana cina. Sha ɗaya saura minti goma muka sauka a Tsanyawa, muka rasa babur, muka ce bari mu taka.

Mun yi kamar rabin hanya, tsakanin gonakin dawa, na kasa riƙewa.

"Sale, akwai maganar da zan faɗa maka. Tsuntsun nan tun kana kashi na biyu ya tashi. Shiru na yi."

Bai tsaya ba, bai ma waiwayo ba. Ya sauya wa ledar daddawa hannu.

"Na sani, Yaya. Idona ne ya lalace, ba kunnena ba. Na ji kukansa da zai tashi."

"To me ya sa ka ci gaba da ja?"

"Jira nake in ji ko za ka faɗa."

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, ni da na yi shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane faɗin gaskiya. Da kyar na tambaye shi, da ban faɗa ba fa?

"Da na kai su Ɗanbatta gobe," in ji shi. "Kai ne babba. Kuma na ga yadda ka dafa giginyar nan."

Muka shiga gari ƙarfe sha biyu da rabi. Shi ya wuce turke ya duba ko an ba shanu ruwa, ni na tsaya a zaure na daɗe kafin in yi sallama.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Asabe da dambunta da faɗanta, na gode wa Malam Bukar da bai ɓoye mana halin ruwansa ba. Sale kuwa ban san irin godiyar da zan yi masa ba. Saura 'ya'yan carbi goma in raba shi da abincin gidansa, yana sane, kuma bai daina ja ba.